Filin Tambaya da Amsa: Me Turawa Ke Nema a Cikin Kofin Giya?

A cikin wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan, guda biyar sun haɗu a kan abu ɗaya, wato giyar Turawa da danginta na kwalba. Na daɗe ina juya su kafin in ɗauki alƙalami, domin na san akwai masu karatu da za su ce me ya kawo wannan zance cikin mujallar da ake karantawa a zaure. Hukuncin shan abin da ke bugarwa a Musulunci a bayyane yake cikin Suratul Ma'ida, aya ta 90, kuma babu wanda ya tambaye ni a kansa. Abin da aka tambaya shi ne yadda ake yin abin, da dalilin da ya sa wasu al'ummu suka mayar da shi fannin ilimi, da kuma inda ya taɓa gonakinmu da shagunanmu. Waɗannan tambayoyi ne da suka cancanci amsa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a jami'ar Leuven da ke ƙasar Beljiyam. Abokan karatuna sukan zauna da yamma, a kawo musu giya iri-iri, kowacce da kofinta dabam, su ɗaga kofi su duba shi a haske, su sansana, su kurɓa kaɗan, sannan su yi ta gardama kamar ana muhawarar ilimi. Ni ba na sha, amma ina so in fahimci abin da suke nema a ciki, domin kullum ni kaɗai ne baƙo a cikin hirar.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Ka sauka a tsakiyar gidan abin, domin a Leuven hedikwatar AB InBev take, kamfanin giya mafi girma a duniya, kuma a shekarar 2016 hukumar UNESCO ta sanya al'adar giya ta Beljiyam cikin jerin al'adun gado na ɗan Adam. Saboda haka abokanka suna ganin abin ne a matsayin gadon garinsu, kamar yadda dattijo a kasuwar goro zai ɓantari ɗan kaɗan ya faɗa maka ko sabo ne ko daushe, har ya faɗi daga wace ƙasa aka kawo shi.

Abubuwa huɗu ake haɗawa: ruwa, da tsiron sha'ir, da furen wata shuka mai yaɗo da ake kira hof, da yis. Duk gardamar da kake ji a kan waɗannan huɗu take zagayawa. Tsiro ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk matar da ta iya kunun zaƙi ta san cewa idan ta jiƙa dawa ko shinkafa ta bar ta ta tsiro, ta shanya, ta niƙa, ta zuba a kan gasara mai ɗumi, kunun zai saki ya yi zaƙi ko ba a sa sukari ba. Dalili shi ne ƙwayar hatsi idan ta fara tsirowa tana fitar da wasu sinadarai da ke narkar da sitaci su mayar da shi sukari. Wannan aiki shi ne matakin farko a masana'antar giya, sai dai su suna auna zafin ruwan da ma'auni, suna tsayar da shi tsakanin digiri 62 zuwa 72 a ma'aunin Salshiyas. Kafin nan sukan gasa tsiron, kuma gashin ne ke ba giya launinta: wanda aka busar da shi sama-sama yana ba da ruwan zinariya, wanda aka ƙara wa wuta yana ba da ja mai gardi, wanda aka gasa har ya yi baƙi yana ba da ɗan ƙauri irin na gahawa. Idan ka ga abokinka ya ɗaga kofi yana kallon haske, gashin tsiron yake karantawa.

Bayan an tace ruwan mai zaƙi, sai a tafasa shi kamar awa guda tare da furen hof. Shi ke kawo ɗaci, shi ke kawo ƙamshin da wasu ke kamantawa da lemon tsami ko ciyawa ɗanya, kuma yana hana abin saurin lalacewa. Har zuwa nan babu barasa ko ɗigo. Sai an huce ruwan an zuba yis, shi kuma ya cinye sukarin ya fitar da barasa da iskar da ke yin kumfa, sannan ya zama giya. Ina so ka riƙe wannan gaɓa, domin za mu dawo mata a wata tambaya da ke ƙasa.

Yis ɗin ne ya raba giyar Turawa gida biyu. Akwai mai aiki a ɗumi, wajen digiri 15 zuwa 24, wanda ke gamawa cikin 'yan kwanaki ya bar ƙamshi mai kama da ayaba ko kanumfari. Wannan shi ne gidan da Ingila da Beljiyam suka shahara da shi. Akwai kuma mai aiki a sanyi, wanda ake bari makonni a ɗakin ajiya mai sanyi, shi ne ake kira laga, kalmar da ta samo asali daga Jamusanci da ma'anar ajiyewa. Abin mamaki shi ne mutane sun yi ɗaruruwan shekaru suna amfani da yis ba su san mene ne shi ba. Dokar tsarkin giya da aka kafa a Bavariya ta ƙasar Jamus a 1516 ta lissafa ruwa da sha'ir da hof kawai, ba ta ambaci yis ba. Sai a ƙarni na 19 Louis Pasteur ya tabbatar da cewa wata halitta ce mai rai ke yin aikin, sannan a 1883 Emil Christian Hansen ya ware yis iri guda zalla a ɗakin binciken kamfanin giya na Carlsberg da ke Denmak. Ruwa ma yana da tasa rawar. Ruwan garin Pilsen na ƙasar Cek ruwan daɗi ne marar gishiri, shi ya ba Josef Groll damar fitar da laga mai haske a 1842, wadda yawancin giyar kwalba ta duniya take kwaikwayo har yau. Ruwan Burton a Ingila kuwa mai zartsi ne, yana ƙara wa ɗaci kaifi, har masu masana'antu a wasu garuruwa suka riƙa zuba gishirin ma'adinai a nasu ruwan don ya yi kama da shi.

Iri biyu ne za ka fi jin 'yan Beljiyam suna alfahari da su. Na farko giyar da ake yi a gidajen ibada na 'yan zuhudun Katolika na ɗariƙar Trappist, irin su Chimay, Orval, Rochefort, Westmalle da Westvleteren. Ƙa'idarsu ita ce a yi ta a cikin katangar gidan ibadar, a ƙarƙashin kulawar 'yan zuhudun, kuma ribar ta tafi ga hidimar gidan da ayyukan agaji. Na biyu shi ne lambik, wanda ake yi a yankin Brussels da kewayen kogin Senne a watannin sanyi. Shi ba a zuba masa yis da hannu. Ana baza ruwan a wani faffaɗan kasko a bar shi ya kwana a buɗe, ƙwayoyin da ke cikin iska da na jikin gangunan itace su kama shi, sannan ya zauna cikin ganga daga shekara ɗaya zuwa uku. Yana fitowa da tsami ƙwarai. Duk wanda ya taɓa wucewa ta inda ake dafa burukutu a ƙauyukan Filato ko kudancin Kaduna, ko fito a arewacin Ghana, zai gane cewa dangi ne, domin tsamin duka biyun daga ƙwayoyi iri ɗaya yake zuwa, irin waɗanda ke tsamama nono. Na sha yin murmushi idan na karanta yadda ake kambama wannan a Turai ana sayar da shi da tsada, alhali nasa ɗan'uwan na dawa ana ɗaukarsa abin talakawa.

Kofuna daban-daban da ka gani suna da ɗan dalili: mai faɗin baki yana sakin ƙamshi, mai tsukakken wuya yana tara shi, dogon siriri yana riƙe kumfa. Amma a ganina rabin abin talla ne, domin kowane kamfani yana son a ga sunansa a hannun mai sha. Game da zamanka da su kuwa, ba sai ka kurɓa ba kafin ka fahimci hirar, kuma Turawan Beljiyam sun saba da mutumin da ya ce ba ya sha. Ka faɗa sau ɗaya a fili ba tare da kame-kame ba. Ko ya halatta ka zauna a teburin da ake sha, wannan mas'ala ce da malamai suka yi magana a kanta da tsanani, sai ka kai ta ga limamin masallacinku na can, wanda ya san halin da ɗalibai ke ciki. Idan kuma hirar ta biyo ta ɗakin karatu, ka ba su labarin tsiron dawa da kunun zaƙi, za ka ga sun zama su ne masu tambaya.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ina aiki a wani otal a Abuja. Baƙi Turawa sukan tambayi giyar ƙananan masu sana'a, wasu 'yan ƙasa kuma sai sun dage a kawo musu ta waje ko da ta fi tsada ninki uku. Mene ne bambancin, kuma da gaske ta waje ta fi ta gida?

AMSA: Barka kadai, ɗan'uwa. Abin da baƙinka ke nema ya samo asali ne daga wata tawaye ta masu sha. A Amurka an haramta giya daga 1920 zuwa 1933, kuma bayan an ɗage haramcin manyan kamfanoni suka yi ta haɗiye ƙanana, har a ƙarshen shekarun 1970 masana'antun giya a duk faɗin ƙasar ba su kai ɗari ba, kusan dukansu kuma abu ɗaya suke yi, laga marar ɗaci marar ƙamshi. A Biritaniya an kafa ƙungiyar CAMRA a 1971 don kare giyar gargajiya ta ganga. A Amurka Fritz Maytag ya sayi tsohuwar masana'antar Anchor ta San Francisco a 1965 ya farfaɗo da ita, a 1978 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta wa mutum ya dafa giya a gidansa, a 1980 kuma Ken Grossman ya fara masana'antar Sierra Nevada a garin Chico na jihar Kalifoniya da wani irin hof mai suna Cascade, mai ƙamshin lemo. Daga nan abin ya bazu, har masana'antun Amurka suka haura dubu tara a farkon shekarun 2020. Ƙungiyar masu wannan sana'a a can ta ce kafin a kira mutum ƙaramin mai sana'a dole abin da yake fitarwa a shekara kada ya wuce ganga miliyan shida, kuma kason babban kamfani a cikin jarinsa kada ya kai kashi 25 cikin ɗari. Ganga miliyan shida dai ba ƙaramin abu ba ne, kuma manyan kamfanonin sun koyi sayen ƙananan su bar musu sunansu: AB InBev ya sayi Goose Island na Chicago a 2011, ita kuma Anchor ta koma hannun Sapporo na Japan a 2017, aka rufe ta a 2023.

Batun fifikon ta waje kuwa, masana abin da kansu ba su yarda da shi ba. Giya ba ta son tafiya. Ƙamshin hof yana gushewa cikin 'yan watanni, zafi yana gaggauta tsufanta har ta riƙa ɗanɗanon jiƙaƙƙen kwali, hasken rana kuma idan ya ratsa kwalba yana canza sinadarin hof ya haifar da wari. Kwalba mai ruwan ƙasa ta fi karewa, koriya ba ta karewa sosai, fara kuwa ba ta karewa ko kaɗan. Ka ƙiyasta abin da zai sami kwalbar da ta yi makonni a teku, ta zauna a tashar jirgi a Legas cikin kwantena mai zafi, sannan ta hau tirela zuwa Abuja. Mai biyan ninki uku sau da yawa suna yake saya. Abin dariya a nan shi ne Guinness ɗin da ake yi a Najeriya, wadda masana'antarta ta Ikeja ta farkon shekarun 1960 ita ce ta farko da kamfanin ya gina a wajen Ayilan da Biritaniya, ana ɗaukarta a kai Landan a sayar a matsayin 'yar waje mai daraja, saboda ƙarfinta ya kai kashi 7.5 cikin ɗari, ta Dublin, babban birnin Ayilan, da ake zubawa daga famfo kuwa 4.2 ce. Tunda aikinka ya haɗa ka da masu sha, ka san cewa yawancin giyar ƙananan masu sana'a da ta Beljiyam sun fi ta kasuwa ƙarfi, wasu suna kaiwa kashi 9 ko 10, don haka kwalba ɗaya tana iya zama biyu a jikin mutumin da zai tuƙa mota. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a farkon 2023 cewa babu wani adadin barasa da za a ce ba shi da illa ga lafiya.

TAMBAYA: Salamu alaikum. Ina da shagon kayan masarufi a unguwarmu a Kano. Ina sayar da Maltina da Malta Guinness, sai wani maƙwabci ya ce mini giya ce aka canza wa suna tunda kamfanin giya ke yin su. Kwanan nan kuma wani mai kawo kaya ya tallata mini wata mai rubutun 0.0 a jiki, ya ce babu barasa a ciki. Malam, ka fitar da ni daga duhu, ba na son in ciyar da 'ya'yana da abin shubuha.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sa albarka a kasuwa. Abubuwa biyu ne mabambanta aka kawo miki, kuma bambancinsu yana a wannan gaɓa da na ce wa ɗalibinmu ya riƙe. Lemon molt irin su Maltina, wadda ta fito a 1976, da Malta Guinness da Amstel Malta, ruwan tsiro ne mai zaƙi da aka tsayar kafin a kai ga zuba yis. Ana ƙara masa sukari da launi da iskar kumfa, a rufe kwalba, a dafa ta da zafi don kashe duk wata ƙwaya mai rai. Tunda yis bai ci sukarin ba, ba a samar da barasa ba, shi ya sa yake da zaƙi da kauri haka. Ta fuskar yadda ake yin sa, ya fi kusa da kunun zaƙi sabon damu fiye da giya. Maƙwabcinki ya yi gaskiya a abu ɗaya, cewa kamfanonin giya ne ke yin su. Ko mutum zai yi ciniki da irin wannan kamfani, wannan tambaya ce dabam da tambayar abin da ke cikin kwalba, kuma malamai ne za su amsa ta. Abin da ni zan ja hankalinki a kai shi ne yawan sukarin, musamman ga masu ciwon suga da ake kai wa katan-katan a asibiti da sunan dubiya.

Mai rubutun 0.0 kuwa labarinta dabam ne. Yawanci giya ce cikakkiya da aka yi har ƙarshe, sannan aka cire mata barasa. Hanya ɗaya ita ce a ɗumama ta cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska, domin barasa tana tafasa a digiri 78, ƙasa da ruwa, idan kuma aka rage matsin iska sai ta tashi tun abin bai yi zafin da zai ɓata ɗanɗano ba. Wata hanyar ita ce a tura ta ta cikin matata mai ƙananan ƙofofi. Akwai kuma masu barin yis ya fara aiki su tsayar da shi da wuri. Kowace hanya aka bi, ɗan burbushi yakan rage. Heineken 0.0, wadda ta fito a 2017, kamfanin da kansa ya ce abin da ke cikinta bai wuce kashi 0.03 cikin ɗari ba. Sai dai dokokin ƙasashe sun bambanta: a Jamus da Amurka ana iya rubuta cewa abu ba na barasa ba ne alhali yana ɗauke da abin da ya kusa kashi 0.5. Don haka kada ki tsaya a babban rubutun gaba. Ki juya kwalbar ki nemi ƙaramin adadin da ke da alamar kashi cikin ɗari, ki duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki.

Hadisin da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito ya ce abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Malaman zamani sun yi saɓani a kan abin da asalinsa giya ne aka cire masa barasa har ya zama ba ya bugarwa komai yawansa. Wasu sun duba abin da ya rage, wasu sun duba asalin da kuma kamanceceniya da masu sha. Ni ba mai fatawa ba ne. Amma tunda kin ce ba ki son shubuha, kuma shagonki a cikin unguwa yake inda yara ke aike, ra'ayina shi ne ki bar wa mai kawo kayan abarsa, domin an yi ta ne don ta yi ɗanɗano da kamannin giya, ribar da ke cikinta kuma ba ta kai yawan bayanin da za ki riƙa yi wa maƙwabta ba. Ki kuma lura da na gida: kunu ko zoɓo mai sukari da aka bari kwanaki a zafi har ya fara kumfa yana huci idan an buɗe, yis na iska ya fara aikinsa a ciki.

TAMBAYA: Malam, ni manomin dawa ne a ƙasar Katsina. Dillalai suna zuwa da kaka suna neman farar dawa da yawa, ana cewa kamfanoni ake kai wa. Shin gaskiya ne da dawarmu ake yin giya?

AMSA: Gaskiya ne, Alhaji, wani kaso nata can yake zuwa. Sha'ir ba ya yi sosai a ƙasarmu, saboda haka tun da Nigerian Breweries ta fitar da kwalbar Star ta farko a Legas a 1949 daga Turai ake shigo da tsironsa. A 1988 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da shi don tattalin kuɗin waje, sai ya zama dole kamfanoni su koma ga dawa da masara. Ba su sha da sauƙi ba, domin sitacin dawa yana buƙatar zafi fiye da na sha'ir kafin ya narke, tsironta ba shi da isasshen sinadarin da ke fitar da sukari, kuma ba ta da irin ɓawon da ke taimakawa wajen tacewa. Haka nan dole a kakkaɓe saiwa da ɗan ganyen da suka fito a jikin tsiron, saboda suna ɗauke da dafin nan da ke kashe dabbar da ta ci gyauron dawa. Sun shawo kan waɗannan matsaloli, har bayan an sassauta dokar ba su bar dawa ba, kuma irin da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar, kamar SK5912, ya samu karɓuwa a wurinsu. Sai dai ba duk buhun da dillali ya ɗauka ke zama giya ba. Da dawar ake yin lemon molt, da garin shayi na gwangwani, da abincin kaji. Idan zuciyarka ba ta natsu ba, ka tambayi dillalin sunan masana'antar da yake kai wa kafin a ɗora buhu a sikeli.

TAMBAYA: Gaisuwa mai yawa. Ni Kirista ce daga Jos. Mahaifina ya rasu ya bar akwati cike da murafan kwalabe, da takardun jikin kwalba da ya liƙa a littafi, da 'yan faifan kwali da ake ɗora kofi a kai, da kwalabe shida da ba a buɗe ba tun shekarun 1980. 'Yan'uwana sun ce tarkace ne a zubar. Suna da wani amfani?

AMSA: Allah ya ba ku haƙuri, 'yar'uwa. Kada ki bari a zubar. Tara irin waɗannan kaya sha'awa ce da ke da ƙungiyoyi da kasuwanni a Turai da Amurka, kuma da yawa daga masu yin ta tarihin zane da bugu suke bi. Murfin kwalba mai haƙora William Painter ne ya ƙirƙiro shi a Baltimore ta Amurka a 1892. Na farkon haƙora 24 gare shi, na yanzu 21, kuma tsofaffin suna da ɓawon itace mai laushi a ciki inda na yau ke da roba, don haka ki juya su ki duba. Jan alwatika na kamfanin giya na Bass shi ne tambarin kasuwanci na farko da aka yi wa rajista a Biritaniya, a ranar 1 ga Janairun 1876. Giyar gwangwani kuma an fara sayar da ita a 1935 a Richmond ta jihar Virginia a Amurka. 'Yan zuhudun Westvleteren sun yi shekaru masu yawa suna sayar da kwalabensu ba takarda a jiki, duk bayanin yana kan murfi, abin da ya sa masu tarawa ke neman murafansu.

Ba zan yi miki alkawarin kuɗi ba, domin yawancin murafai ba su da tsada. Darajar akwatin mahaifinki tana cikin takardun gida. A shekarun 1970 da farkon 1980 jihohi da 'yan kasuwa sun buɗe masana'antun giya da yawa a Najeriya, kuma da dama sun rufe ko an haɗiye su bayan matsin tattalin arziki da dokar 1988, ta yadda takardar kwalba tana iya zama kusan abin da ya rage na shaidar cewa an taɓa yin su. Masu tarawa na waje suna da na Jamus da Beljiyam har sun gundure su, na Afirka ta Yamma ne ke musu wuyar samu. Ki bar takardun a cikin littafin yadda ya liƙa su, kada ki yi ƙoƙarin ɓamɓarewa, kada kuma ki sa musu salatif. Ki ajiye shi inda babu damshi da rana, ki raba murafan da suka yi tsatsa da masu kyau, kada ki goge su da ruwa. Idan ya rubuta shekara ko gari a gefen wata takarda, wannan rubutu ya fi takardar kanta amfani ga mai binciken tarihi, kuma gidan adana kayan tarihi na Jos ko sashen tarihi na jami'a wurare ne da za ki iya nuna musu.

Kwalaben shida kuwa kada kowa ya sha. Gaskiya ne akwai masu ajiye giya shekaru a ɗaki mai sanyi da duhu, amma nau'i kaɗan ne ke jure haka, wato masu ƙarfi sosai da masu tsami irin na Brussels, waɗanda aka rufe da yis mai rai a ciki. Laga ta kasuwa an yi ta ne a sha cikin watanni, wadda ta shekara kusan arba'in a akwati kuwa ta daɗe da mutuwa. Ki bar su a tsaye yadda suke, a rufe, nesa da zafi, domin masu tarawa sun fi son kwalba da murfinta na asali da takardarta a jiki.